Zaure, Baranda, Rakuba da Dakali: Amsar Tambayoyin Gaban Gida

Wani magidanci daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan ya rubuto: "Malam, ina son gyara gaban gidana kafin damina. Mahaifina zaure yake cewa, 'ya'yana baranda, maƙwabta kuma rakuba. Wanne ne Hausa, kuma abu ɗaya ne?"

Ba abu ɗaya ba ne, Alhaji, kuma in ka faɗa wa magini wannan alhali wancan kake nufi, aljihunka ne zai ji a jikinsa. Zaure ɗaki ne sosai, mai bango huɗu da rufi da ƙofa biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Ba a saita ƙofofin nan, ana kauda ta ciki gefe domin wanda ke tsaye a titi kada idonsa ya faɗa tsakar gida. In aka saita su, an yi ɗaki amma ba a yi zaure ba. Kanawa sukan ce soro, kuma a babban gida akwai na biyu daga ciki, shi ne shigifa. Daga zaure aka sami makarantar zaure, inda malami ke ba manya karatun littattafai. Ba mamaki kalmar ta zauna a bakin mahaifinka: garinku mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 suka kafa shi kusa da Sinnar, da Hausar ƙasar Sakkwato a bakinsu.

Kada a haɗa zaure da diwan na gidajen Sudan. Diwan ɗakin baƙi ne, ana shiga a zauna. Zaure mashiga ce, ko yaron gida sai ya ratsa ta.

Baranda aro ce, ta shigo Hausa ta Turanci, Larabcin Sudan ma yana da ita. Rufi ne a kan ginshiƙai, jingine da gini, gabansa a buɗe. Ta zama 'yar gida har muna da 'yan baranda, masu tare kaya su sayar a ɗora riba. Rakuba kuwa Larabci ce, Hausarta rumfa: gwafanni, itatuwa a gicciye, zana ko kara a sama. To abin da 'ya'yanka ke so da wanda maƙwabta ke nufi duk inuwa ce, ba sa rufe sirrin gida. Ka fara tambayar kanka ko sutura kake nema ko iska.

Tambaya ta biyu daga Gadarif: "Dakalin ƙofar gidanmu duk shekara sai ya rabu da bango, mu liƙe da siminti, ya sake. Wani dattijo ya wuce ya ce mana sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Habaici yake mana?"

Dakali dai shi ne ginannen wurin zama a gindin bango ta waje, abin da Larabawa ke kira masɗaba ko dakka. Karin maganar kuwa a kan mutane ake yin ta: ɗan tsugudidi ba ya raba 'yan'uwa sai ya tarar da ɓaraka tsakaninsu. Ka lura da "sai" ɗin farko. Ba ƙadangaren aka ɗora wa laifi ba, bangon aka ɗora wa. Ko habaici ne ko a'a, kai ka san zaman gidanku, amma a fuskar gini dattijon gaskiya ya faɗa, domin kuna ta korar ƙadangare kun bar dalilin tsagewar.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafarku. Baƙar ƙasar Gadarif da Jazira, wadda ke ba da dawa da riɗi da auduga, laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani har hannu ya shiga. Dakali ba shi da nauyi, shi ya sa ƙasar ke ɗaga shi da damina ta sauke shi da rani, bangon gida mai zurfin tushe kuma yana tsaye. Abu biyu da ba sa motsi tare ba a ɗinke su da siminti. A rushe shi, a haƙe baƙar ƙasar kamar rabin mita, a cike da tsakuwa da yashi hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara wani. A gina da jan bulo, tsayi santimita 40 zuwa 45, faɗi 50 zuwa 60. In ya fi haka tsayi ƙafar tsoho za ta yi reto. A bar siririn tsakani, kaurin ɗan yatsa, tsakaninsa da bango, a toshe da kwalta ko wani abu mai laushi. Samansa ya ɗan sunkuya waje, santimita 2 ya isa, don ruwa ya gangara titi. Filasta awo ɗaya na siminti ga awo huɗu na yashi, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma kwana bakwai. A zafin Gadarif, filastar da ba a shayar ba tun makon farko take yin zanen gizo-gizo. A duba indararo kada ya riƙa zuba a gindinsa, kuma in akwai randunan sabil, na ruwan shan masu wucewa, a ƙofar gida, a sa kwano a ƙarƙashinsu, domin ɗigon randa na kullum ya isa ya kumbura ƙasar gefe ɗaya.

In bangon na jalus ne, wato na laka, kada a yi masa filastar siminti kai tsaye. Tana riƙe danshi a ciki, ta kumbura, ta ɓantale faifai guda. Yaɓen zibala, wato laka haɗe da kashin dabbobi, da aka saba kafin damina shi ne daidai da shi. A ƙasar Hausa makuba ake sa wa, ruwan ɓawon ɗorawa, don wannan aikin.

Ta uku wata uwargida ce daga Omdurman: "Duk sanda na ce a yi wa barandarmu kwaskwarima sai maigida ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Haka ake amfani da ita?"

Hajiya, maigida ya ari karin magana ya yi garkuwa da ita. "Ta fi" kwatanci ne tsakanin abu biyu da suke nan duka. Ana faɗinta don a ja kunnen wanda ya shimfiɗa kilishi ya ɗaure fuska, ko a kwantar da hankalin wanda ba shi da abin shimfiɗawa. Ba a taɓa yin ta don a naɗe tabarma ba.

Kalmarki ma a duba ta. Kwaskwarima gyaran sama-sama ne: fenti, labule, sabuwar shimfiɗa. Gyara ya haɗa da abin da ya lalace. Ado ƙari ne a kan abu mai lafiya. Gyara ake fara yi, in ba haka ba fentin kan bango mai danshi zai yi ƙuraje ya saɓule. A kankare tsohon, a cike tsaga, a bari ya bushe sarai. Farar ƙasa, wadda ake kira jir a nan, ta fi fentin mai dacewa da bangon da ke shan rana: a jiƙa ta ta kwana, a tace, a zuba ɗan gishiri, a shafa da ruwa-ruwa sau biyu ko uku da sassafe. Mai kauri sau ɗaya garewa take yi ta bi rigar baƙo. Daga ƙasa zuwa gwiwa a sa launi mai duhu, don nan ne tsartsin ruwa da ƙafar angarib, gadon igiya, ke ɓatawa.

In barandar yamma take kallo, asabari ya fi labulen yadi, yana tare rana ya bar iska. Rufin kwano kuma a yi masa zana ko tabarmar kaba daga ƙasa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, in ba haka ba daga azahar ba mai iya zama. A ɗaure kwanon da ƙugiyoyin ƙarfe masu noti a jikin ƙarfen rufi. Jera bulo a kansa ba ya tsare shi ranar da habub, guguwar ƙura, ta taso. Gwafar itace kuma a babbake gindinta ko a shafe shi da baƙin mai kafin a binne, saboda gara.