Mata da Teburin Sulhu

Tambaya: Malama, a unguwarmu a Jos duk taron sulhu maza ne ke zama, alhali mu mata ne muke ɗaukar nauyin marayu bayan rikici. Shin akwai inda mata suka taɓa jagorantar sulhu? Daga wata mai karatu, Anguwar Rogo.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai, kuma misalin da ya fi kusa da halin da Jos take ciki shi ne na Laberiya. A shekarar 2003, lokacin yaƙin basasar ƙasar, wata mai fafutukar zaman lafiya, Leymah Gbowee, ta haɗa kan mata Musulmi da Kirista, suka sa fararen kaya suna zaman dirshan a Monrobiya, daga baya kuma suka tare ƙofar ɗakin da ɓangarorin yaƙin ke tattaunawar sulhu a Accra, babban birnin Ghana, suka ce babu mai fita sai an daidaita. A 2011 ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya tare da Ellen Johnson Sirleaf, shugabar ƙasar Laberiya a lokacin. Tun a shekarar 2000 ma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya nemi a sa mata cikin tattaunawar zaman lafiya, kodayake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Shawarata ita ce ku fara da mai unguwa, ku je masa a ƙungiyance tare da maƙwabtanku Kirista, ku nemi kujera a kwamitin sulhun unguwarku.