Kwana uku a Cape Town

Tambaya: Anti, aiki zai kai ni Cape Town da ke Afirka ta Kudu a Janairu, kwana uku kacal gare ni. Ina zan fara? — Wata mai karatu

Amsa: Ƙanwata, duk ranar da gari ya waye ba iska, bar komai ki nufi Dutsen Table. Tsayinsa ya haura mita 1,000, kuma iska na tasowa ake dakatar da motar igiyar da ke kai mutane sama. Ni na yi jinkiri, daga ƙasa na gama kallona. Tsibirin Robben kuwa, inda Mandela ya shekara 18 a kurkuku, ki sayi tikitin jirgin ruwansa tun da wuri. Janairu lokacin zafi ne a can, amma kada rana ta ruɗe ki: ruwan teku a gaɓar Camps Bay sanyi ƙarara, tsoma ƙafa ma ya ishe ki.