Ga ɗan'uwana na Kano da ya ce wai mun manta

Malam na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban so in amsa cikin ɓacin rai ba shi ya sa na bari sai yau. Ka ce wai mu Hausawa Kirista da ke Jos mun watsar da asali, kuma abin da ya same mu a rikici mun share shi kamar ba a yi ba don kawai fasto ya ce a yafe.

Maganar asali ba ta da tsawo. Kakana daga wajen Malumfashi ya taso, aikin kuza ya kawo shi Bukuru zamanin Turawa, a nan ya ji bishara, kuma da Hausa ya ji ta, don tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Har gobe da Hausa muke sujada. Eh matata Berom ce, na san nan ne abin ya fi tsaya muku a rai, to yarana suna shan gwate suna cin tuwon acca, kuma ranar da aka tuƙa na dawa da miyar kuka ba sa barin ko loma. Abu ɗaya da ke damuna shi ne in ji ɗana ya ce "Mama ya dawo", kullum sai na gyara masa, amma don Allah in mun zo gida biki ku daina yi musu dariya a gaban mutane, yaro ba ya manta irin wannan.

Yanzu zancen mantuwa. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 da rikici ya ɓarke a Jos muna zaune a Unguwar Rogo. Maƙwabcinmu Musulmi ne, mahauci, shi ya tura mu ɗakin matarsa ya zauna a bakin ƙofa kwana biyu, gidanmu kuwa ya ƙone ƙurmus. Da muka samu muka tsallaka ɓangaren Kirista sai matasa suka tare Baba saboda hula da babbar riga da kuma irin Hausar bakinsa, sai da ya karanta musu Addu'ar Ubangiji tun daga farko har ƙarshe kafin suka sake shi. Can an ce mu arna ne, nan an ce mu Hausawa ne. Wa zai manta da wannan Malam?

Makullin gidan nan yana nan cikin kwallar Mama har yau, gidan da ko ƙofa babu. Ni ma da ina ganin riƙo ne, na taɓa ce mata ta jefar, sai ta kawo min labarin Yusufu, wanda ku ma kun san shi. Ya sa wa ɗansa na fari suna Manassa, ya ce Allah ya mantar da shi wahalarsa, amma da 'yan'uwansa suka zo Masar neman hatsi ai kallo ɗaya ya gane su, ya yi kuka, daga baya ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa mugunta suka nufe shi da ita, sannan ya ci gaba da ciyar da su da 'ya'yansu. Ta ce bashin ya yafe, labarin bai ɓace masa ba. Ko Jibin Ubangiji da muke ci a coci ai tunawa ce da daren da aka ci amanar Yesu, kuma ba a yarda ka miƙa hannu ka karɓa kana ƙullace da wani ba.

Ba na ce abin da sauƙi ba fa. A Nuwamba 2008 da aka sake kacamewa bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ƙanena ya ɗauki adda zai bi samari, Mama ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta ce sai dai ya taka ta ya wuce, ta ce shi ma mahaucin nan haka ya zauna mana. Ya yi wata guda ba ya mata magana.

Mahaucin ya rasu yanzu. Unguwanni sun rabu, ba kowa ke shiga ko'ina da yamma ba, don haka ni da ɗansa a wajen kasuwar Terminus muke haɗuwa, da babbar Sallah ya miƙo min nama, da Kirsimeti in kai masa cincin da shinkafar da Mama ta ƙulla da hannunta. Bara ya tambaye ni ko makullin yana nan, na ce yana nan.