Tambaya da Amsa: Mama Ta Ajiye Maganin Hawan Jini Don Tsoron Ciwon Ƙoda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ce, shekarunta 58. Shekara biyu ke nan da aka gano tana da hawan jini, aka ɗora ta kan amlodifin da lisinofiril. Yayana ya saya mata na'urar awo, kullum muna ganin 130/80 ko kusa da haka. Sati uku da suka wuce ta ajiye maganin, saboda an turo mata bidiyo a WhatsApp wai ƙwayoyin nan su ke kashe ƙoda, ga kuma maƙwabcinmu da ya daɗe yana sha, yanzu wankin ƙoda ake masa. Ta koma wani jiƙo na gora da aka sayo mata a Sabon Gari, da lambar NAFDAC a jiki, mai shi ya ce kwana 40 zai raba ta da ciwon. Satin farko awon bai canza ba, ta ce to mun gani. Jiya na auna na ga 168/100, ta ce na'urar ce ta lalace tunda ba ta jin ciwon kai. Wallahi ban runtsa ba. Ina tsoron in matsa mata ta koma, ƙodar ta taɓu, ya zama ni na jawo. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwarku, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya yi miki albarka. Na'urar lafiyarta ƙalau. Wannan 168/100 shi ne jinin Hajiya na ainihi, 130/80 da kuka saba gani aikin ƙwaya ne. Garu ne ya karkata da damina aka sa masa tokara ya tsaya, sai mai gida ya dube shi ya ce ai ya miƙe, a cire tokarar.

Satin farko da ya ruɗe ku yana da dalili. Amlodifin magani ne mai daɗewa a jiki, sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, kuma yakan kai sati ɗaya ko fiye bai gama barin jini ba. A wannan satin ragowar ƙwayar ce ke aiki, gora tana karɓar yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Batun ciwon kai kuwa, mun saba cewa jiki magayi, amma ban da hawan jini. Na sha auna mutum 200/120 yana zaune yana ba ni labarin farashin masara. Wannan ne ma ya sa kusan rabin masu ciwon a duniya ba su san suna da shi ba.

Yanzu maganar ƙoda, wadda babu ranar da zan zauna duba marasa lafiya ban ji ta ba, har na gaji da jin muryata ina maimaita amsar.

Ƙoda matata ce. Kowace ɗaya tana da ƙananan rariyoyi wajen miliyan guda, su biyun suna tace ruwan da ya kai lita 180 a rana, su mai da kusan dukansa cikin jini, su fitar da ɗan abin da muke kira fitsari. Rariyoyin nan dunƙulen jijiyoyin jini ne sirara ƙwarai. Idan jini ya yi shekaru yana dukansu da ƙarfi, sai su yi tauri, su yi tabo, su mutu ɗaya bayan ɗaya, ba ciwo ba zazzaɓi. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa yana dawowa. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kai mutane injin wankin ƙoda, a nan da ko'ina. Lisinofiril ɗin da Hajiya ta ajiye don tsoron ƙoda, shi ne ainihin maganin da muke zaɓa mu ba wanda ƙodarsa ta fara yoyon furotin, saboda yana sassauta bugun jini a cikin rariyoyin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To me ya sa kowa ke da maƙwabci irin naku? Saboda ido yana ganin abu biyu ne kawai: an gan shi yana shan ƙwaya, daga baya an gan shi ana kai shi asibitin koyarwa na Shika. Abin da ke tsakani yana cikin fayil, kuma ba a karanta fayil a majalisar ƙofar gida. Wani dattijo ya taɓa shigowa wurina, ƙafafu a kumbure har silifa ba ta shiga, ya zazzage baƙar leda cike da fankon ƙwayoyi a kan tebur, ya ce, "Likita, ga abin da ya kashe ni." Na buɗe katinsa a gabansa. Ranar farko da aka gan shi, tun bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba, jininsa 190/115, fitsarinsa da furotin. An rubuta masa maganin wata guda, ba a sake ganinsa ba sai bayan wata takwas. Haka ya yi ta yi shekara shida, in kai ya sara a sha na kwana uku, in ya lafa a ajiye. Da na bi ledar da hannu, fankon maganin hawan jini bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duk dikulofenak ne da ibufurofen, haɗin ciwon jiki da yaron kemis ke ƙulla masa kowane dare. Waɗannan su ne ƙwayoyin da ke cin ƙoda da gaske idan aka mai da su abinci, suna kuma ƙara hawan jinin. Amma ban taɓa ganin bidiyo yana yawo a kansu ba. Su ba a tsoronsu, don suna kashe ciwon gwiwa nan take. Wanda ake zargi shi ne mai aikin da ba a gani.

Ban ce maganin hawan jini ruwan zamzam ba ne. Amlodifin yakan kumbura idon sawu, mata da yawa suna ganin haka su ce shi ke nan ƙoda ta tafi, alhali ruwa ne ke taruwa saboda jijiyoyi sun buɗe. Lisinofiril yakan sa busasshen tari, ba a ba mai juna biyu, ana son gwajin kiriyatinin (gwajin jini mai nuna aikin ƙoda) da sinadarin fotashiyam sati ɗaya ko biyu bayan farawa, kuma idan mutum na fama da amai da gudawa mai tsanani akan dakatar da shi har ya warware. Duk waɗannan dalilai ne na komawa wurin likita a canza ko a daidaita. Akwai magunguna iri-iri, in wannan bai karɓi mutum ba wani zai karɓe shi. Masu cewa don jikin Bature aka yi su kuma, su sani a 2019 an wallafa wani bincike da Dike Ojji, likitan zuciya na Jami'ar Abuja, ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, a kan baƙar fata irinmu, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar mana da jini. Wato abin da Hajiya take sha shi ne daidai da ita.

Lambar NAFDAC da ta kwantar mata da hankali, ki ɗauko gorar ki duba. In lambar gaske ce, galibi za ki ga harafin L a ƙarshenta. Ma'anarsa an sa kayan a jerin wucin gadi bayan gwajin guba, ba a tabbatar yana warkar da komai ba. Doka ma ta ce a rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba, sai dai da Turanci ake rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, mai lasifika kuwa da Hausa yake ihu. Kuma wa ya san abin da aka zuba a gorar bayan an karɓi lamba? Wani yakan narka ƙwayar asibiti a ciki don mai sha ya ji daɗin jiki. Jiƙon da aka sa wa kanwa kuwa gishiri ne aka canza wa suna, don sinadarin da ke tayar da jini a gishiri shi ne a kanwa, shi ne a ɗanɗanon dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Ki haɗa da wata ɗabi'ar da ke ɓata mini rai: tsohuwa ta ce jiri take ji, sai a kira wani ya rataya mata ƙarin ruwa a ƙusar ɗaki. Ruwan gishirin da ake ƙarawa yana da giram 9 a kowace lita. An ɗura wa mai hawan jini gishirin kusan kwana biyu kai tsaye ta jijiya, an kuma biya kuɗi an yi godiya.

Waɗannan masu motoci da amsa-kuwwa, daga Kwangila zuwa bakin kasuwa, yanzu sun ƙaura TikTok da WhatsApp, kuma ba sa buɗe baki sai da hadisin cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Hadisi ingantacce ne. Amma bai ce maganin yana cikin but ɗin motarka ba, bai kuma ce kwana 40 ake sha a gama ba. Ku ji tsoron Allah. Ranar da bakin baiwar Allah ya karkace, ɓarin jikinta ya shanye, ba ku ne za ku yi ta juya ta a kan tabarma ba, 'ya'yanta ne. Kuma a lokacin ma wani ɗan'uwanku zai zo ya ce iska ce ta buge ta, a kawo kuɗin turare.

Na san wani lokaci tsoron ƙoda mayafi ne, kuɗi ne a ƙarƙashi, uwa ba ta son ɗora wa 'ya'ya nauyi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, kamfanin magani na GSK ma a shekarar ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau ba mu cika ba. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a takarda, amma yawancin mutane daga aljihu suke biya. Duk da haka ku nemi rajistar KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, kuma ku ce wa mai kantin magani ya ba ku amlodifin mai rajista na kamfani mai sauƙin kuɗi, sunan maganin ake bi ba kyan kwali ba. Kuɗin zama ɗaya a injin wankin ƙoda ya sayi ƙwayar watanni, kuma sau biyu zuwa uku ake zaman a sati.

Ga abin da za ki yi. A ajiye jiƙon yau. Ban ga Hajiya ba, amma ban ga abin da zai hana ta komawa kan amlodifin ɗinta yadda aka rubuta mata ba. Cikin kwana biyu ku kai ta inda katinta yake, ko asibitin Gambo Sawaba, a yi gwajin kiriyatinin, fitsari da sukari, likita ya duba kafin ta koma lisinofiril, tunda ba mu san abin da ta sha sati uku ba. Wannan gwajin shi ne amsar tsoronta, sau ɗaya a shekara ta ga ƙodarta a rubuce. Ki riƙa auna ta safe da dare har kwana bakwai, bayan ta zauna minti biyar, bayanta a jingine, hannu a kan matashi daidai ƙirji, ba bayan goro ko shayi ba, ki rubuta. Idan ya kai 180/120, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ƙirji ya riƙe, ko gani ya dushe, asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kada a ɗura mata komai a baki.

Kada ki tunkare ta da "ai na gaya miki." Uwa ba ta son a kayar da ita a gaban 'ya'yanta. Ki sa Yaya ya zo da kansa, ku ce mata gwajin ƙodar za a je a yi don hankalin kowa ya kwanta. Ku riƙo na'urar a gwada ta da ta asibiti a gabanta, ku riƙo gorar ma da sauran abin da ke ciki, kada ki ɓoye ta don gudun faɗan likita.