An gayyace ni cin gashi a gidan abincin da ake sayar da giya a Bordeaux, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, ina wuni. Ni ɗan Damagaram ne ina koyon aiki a Bordeaux, ogan mu ya gayyaci duk 'yan ofis cin abincin dare a wani ɗan ƙaramin gidan abinci da suke gasa nama kan gawayi kuma an ce giyar inabi ce rabin kasuwarsu. Ban sha, ban cin alade, kuma ban son in ƙi zuwa. Me zan ci, me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau. Toh maganar zama a teburin da ake shan giya fagen malamai ne, ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ranar. Ni abin da ke cikin kicin zan gaya maka, don wallahi giyar da ke cikin kofi ba ita ce za ta ba ka wahala ba, wannan kana ganinta ka ce "non merci" shikenan, ba wanda zai matsa maka. Wadda ke cikin miya ita ce matsalar.

Irin waɗannan wurare ƙanana ne, tebur kaɗan, abincin ranar a rubuce da alli a jikin allo, murhu kuma sau da yawa kana hango shi daga inda kake zaune. A yankin Bordeaux ma suna da al'adar gasa nama kan busassun rassan inabi da aka sare a gona, suna ce musu "sarments", wutarsu na tashi da sauri da zafi ta mutu da wuri, hayaƙin ya bar wa naman ƙamshi. Wannan itace ne kawai, babu ruwansa da giya, kar sunan inabi ya tsorata ka. Ba sa turmusa nama cikin yaji da ƙuli kamar tsirenmu, gishiri ne da masoro kawai, ɗanɗanon sai su zuba shi a miyar da za a kawo a gefe, nan ne za ka buɗe ido. "Sauce bordelaise" jar giya ce da ƙananan albasa da ɓargo, "marchand de vin" ma da jar giya ake yinta. "Sauce au poivre" yawanci da cognac ake yinta, wata barasa ce mai ƙarfi. "Béarnaise" ƙwanduwa ce da man shanu amma da yawa suna sa farar giya a ciki. Wani zai ce maka ai in aka dafa barasar ƙonewa take, ba gaskiya ba ne gaba ɗaya, alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abin da aka kunna wa wuta a kasko yana riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na barasarsa, wanda ya tafasa minti 15 kashi 40, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5. Don haka ka ce "sans sauce", wato ban da miya, ko ka nemi "beurre maître d'hôtel", man shanu ne da faski da lemun tsami, yana narkewa kan nama mai zafi kuma gaskiya ya ishe ka.

Alade kuma yana ɓuya a farantin farko da ake ajewa tsakiya kowa ya sa hannu. Duk abin da aka rubuta charcuterie, jambon, saucisson, rillettes, lardons, andouillette ko boudin noir ka wuce shi, na ƙarshen ma da jini ake yinsa. Ko salak ka yi oda ka tambaya, don suna son watsa lardons a kai, wato ƙananan gutsattsarin naman alade. Soyayyen dankali ma ka tambayi man da aka soya shi, a kudu maso yammacin Faransa suna yawan amfani da kitsen agwagwa.

Sai maganar yanka. Tun 2002 doka ta tilasta musu rubuta ƙasar da naman sa ya fito, a 2022 aka ƙara da na tunkiya da kaza da alade, amma wannan ƙasa kawai yake nunawa ba yadda aka yanka ba. In ba su rubuta halal ba ka ɗauka ba yankan Musulmi ba ne, kuma ka san malamai sun yi saɓani kan wannan. In kana cikin masu kiyayewa, kifi shi ne mafitarka, "dorade" ko "bar" gasasshe ɗungurungum da lemun tsami, kuma ni a ganina kifi kan gawayi bai gaza nama da komai ba, fatar ta yi ƙamas-ƙamas cikin ya tsaya da laushi. Abu ɗaya dai, ƙaramin gida wayar gashi ɗaya gare shi, inda aka gasa tsiran alade nan za a ɗora kifinka. Ka buga musu waya da rana kafin cunkoso, ka roƙa a goge wayar gashin ko a yi maka a kasko daban. In ka bari sai ƙarfe tara na dare kicin ya rikice, ko mai gashin na da kirki ba zai samu sukunin sauraronka ba.

In kuma ka samu wurin da namansu halal ne, don Allah kar ka ɓata shi. Za a tambaye ka "quelle cuisson?", wato yaya kake son gashin, matakan huɗu ne daga kusan ɗanye zuwa gasasshe sosai, bleu, saignant, à point, bien cuit. Mu mun saba da nama ya gasu har ciki sai bakinmu ya tafi kan bien cuit, amma yanka irin su bavette da onglet in suka daɗe a wuta tauri suke yi su bushe. Ka gwada à point, tsakiyar da ɗan ja-ja kaɗan. Jan ruwan da za ka gani a faranti ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da sinadarin da ke ba nama launinsa. Entrecôte ta fi haƙuri da wuta saboda kitsen da ya ratsa ta, ita zan zaɓa maka in kana son gashi sosai. Côte de bœuf kuwa babba ce wajen kilo guda, ta mutum biyu ce, kar ka yi odarta kai kaɗai a aljihun oga.

Abin sha ka ce "une carafe d'eau", ruwan famfo ne kyauta, burodi ma haka. In an ɗaga kofuna ana taya juna murna, mai ruwa ko lemo ba a kallonsa wani iri. Wajen kayan zaƙi ka guji baba au rhum da crêpe Suzette da colonel, duka da barasa, crème brûlée ko île flottante sun fi sauƙi amma su ma ka tambaya "il y a de l'alcool dedans?", wato akwai barasa a ciki?

Kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, ba dole ka ƙara komai ba. In oga ne ya gayyata shi zai biya, in kuma ka ji an ce a raba daidai alhali kwalabe sun sha kan teburin, kana iya zuwa wajen kanta ka ce za ka biya naka kawai, suna yin haka kullum. Kuma ka ɗan ci wani abu da la'asar, don yawanci ba sa fara abincin dare kafin bakwai da rabi, zaman kuma yana iya kai ku sha ɗaya.