La'ananne, Jefaffe da Bonsam: Amsoshin Wannan Mako

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: Malam, me ya sa kakata ba ta kama sunan shaidan, sai ta ce “La'ananne” ko “Jefaffe”?

Ɗana, kakarka ta san abin da take yi. Bahaushe na ganin kiran suna gayyata ce, shi ya sa yake sakayawa. Amma sakayawar iri biyu ce. Aljanu ladabi ake yi musu, a ce “mutanen ɓoye”, don maƙwabta ne, ba a son ɓata musu rai. Shi kuwa gogan naka zagi ake zabga masa: La'ananne, Tsinanne. Jefaffe fassarar “ar-rajim” ce, wadda kake faɗa kullum a cikin a'uziyya ba ka lura ba.

Tunda ka taɓo ni, ka rubuto “shaidan” babu lanƙwasa. Na san a zangonninmu, daga Asawase har Nima, ɗ ta narke ta koma d, kuma a baki ban cika damuwa ba. A takarda fa? “Shaidan” na nufin shaida na wani abu, kamar shaidan gani da ido. Na taɓa karanta saƙon wani ango yana gode wa abokinsa da ya zama “shaidan aurena”. Shi daidai ya rubuta, amma da yake mun saba zubar da lanƙwasar, rabin masu karantawa suka ɗauka mai raba auren yake nufi.

Daga Madina, Accra: Iblis da Shaiɗan ɗaya ne?

Iblis sunan yanka ne, na wanda ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada. Suratul Kahfi, aya ta 50, ta ce aljani ne. Shaiɗan kuwa siffa ce mai jam'i, har a cikin mutane akwai shaiɗanu.

Daga Sabon Zango, Accra: Yarana suna cewa “Bonsam”. Hausa ce?

A'a, Hajiya, aro ne daga Tuwi, harshen mutanen Akan na Ghana. Bonsam tsohuwar kalmar Akan ce ta mugun ruhu, masu mishan na Basel suka ɗora wa Shaiɗan ita da suka fassara Baibul, wanda ɗayansu, Christaller, ya fitar a 1871. Kada a haɗa shi da Sasabonsam na tatsuniyar Asante, mai zama a kan bishiya yana reto da dogayen ƙafafu don cafke mafarauta. Wannan ɗan'uwan Dodonmu ne, cin mutum yake yi, ba ruwansa da waswasi. Ƙaho da wutsiya da jar fatar da yaran ke gani a finafinai kuwa zanen Turawa ne.

Daga Tafo: “Gaggawa aikin Shaiɗan” karin magana ce?

Ta zama. Asalinta hadisi ne, Hausa ta ɗinka mata riga.

Daga Mamobi: Malam, wani ya kira ɗana shaiɗani bayan ya ci ƙwallo uku.

Yabo ne, gwani yake nufi. Kada ka kai ƙara.