Nauyin guduma a gasar matasa

Alhaji, ka tambaya ko gudumar da ɗanka ke jifa a kulob ɗinsu na Jidda (wato dunƙulen ƙarfen nan mai waya da mariƙi da ake gasar jifa da shi) ita ce ta gasar matasa ta duniya. Tunda shekarunsa 16, tasa mai kilo 5 ce. A gasar matasa ta duniya kuwa, wato ta 'yan ƙasa da shekara 20, kilo 6 ake jifa, manya 7.26.

Don Allah kada ka saya masa ta manya yanzu, bayansa zai wahala. A fara da ƙafa: juyi uku ko huɗu a da'ira mai faɗin mita 2.135, diddige da tsinin ƙafa suna karɓa-karɓa, hannu miƙe. Kuma kullum a cikin kejin raga da ke kewaye da da'irar, don in ta kuɓuce takan yi kisa.

Nuna masa Ashraf Elseify na Katar, wanda ya jefa gudumar kilo 6 har mita 85.57 a gasar matasa ta duniya a Basilona a 2012.